Ranar da Hancin Malam Ya Ce Ruwa Ne

Duk wanda ya yi karatun sinadarai a sakandaren da ke bayan tashar mota, in ka ce ya faɗi sunan malaminsa na gaskiya sai ya tsaya sosa ƙeya. Malam Hanci kowa ya sani. Ba don hancin ya fi na mutane girma ba, ko da yake tsakani da Allah ba ƙarami ba ne. Aikin da hancin yake yi ne ya jawo masa sunan. Mutum ne da zai tsaya a bakin ƙofar aji, ya ɗaga kai, ya ce, "Wanda ya ɓare lemo a layin baya ya fito da sauran, mu ma muna so." Kuma sai an fito da lemon.

A shagon fenti ya tashi. Mahaifinsa yana sayar da fenti da man goge katako, kuma gwangwanayen da suka daɗe a shago rubutunsu kan goge. Tun yaron bai kai tsawon kanta ba ake ɗaga masa murfi, ya sunkuya ya ce wannan na ƙarfe ne, wancan na bango, wannan kuwa ya lalace a zubar. Masu saye su yi ta mamaki, uban yana washe baki. Tun daga lokacin ya sa a ransa cewa ido yana ruɗar mutum, kunne ma haka, amma hancinsa ba ya yi masa ƙarya.

Makarantar da ya yi kuwa, a kan allo aka koya musu kemistiri. Malaminsu ya zana kwalba da alli, ya zana wuta a ƙarƙashinta, ya zana tururi yana tashi, ya ce a kwafa. Sai da ya shiga kwalejin horon malamai aka fara miƙa masa bututun gilashi, ya riƙe shi a kife, 'yan aji suka tuntsire da dariya. Wannan kunyar ba ta taɓa barinsa ba. Ranar da aka damƙa masa makullin ɗakin gwaji na makarantar bayan tasha, ya rantse ba yaron da zai fita daga hannunsa bai taɓa ba, bai zuba ba, bai ga abu ya sauya launi a gabansa ba. Gani ya kori ji, in ji shi, taɓawa kuma ta kori duka biyun.

Kuma ya cika alkawari. Ɗakin dogo ne, da teburan siminti masu fasassun tayil, kowane tebur da wurin wanke hannu da ɗan famfon gas, bututun yana bin bango ya fita zuwa babbar tukunyar gas da ke cikin kejin ƙarfe a bayan gini. A nan yara suka dafa jan kabeji suka ga ruwansa ya koma ja da lemon tsami, ya koma kore da sabulu. A nan suka ɗiga baƙar tawada a kan takarda suka ga ashe launuka ne a cunkushe a cikinta. Sun hura balan-balan da hodar burodi da ruwan tsami ba tare da sun sa baki ba, sun jiƙa ƙusa a ruwan gishiri suna zuwa leƙen tsatsa kowace safiya. In an ce masa yara za su fasa kaya, sai ya ce, "To su fasa mana! Gilashin da ke kulle a kabad wa ya taɓa koya wa wani abu?" Yaransa da dama sun zama masu haɗa magani da ma'aikatan asibiti, kuma in sun gamu da shi a hanya har ƙasa suke gaishe shi. Ba shi da mota, ba shi da muƙami. Makullin nan da ke rataye a ƙugunsa shi ne sarautarsa, kuma ya fi son a ce ya kwana da yunwa da a ce ya koma koyarwa da alli.

Abu guda ne a tsarinsa da ba ya cikin kowane littafi. A ƙuryar ɗakin akwai sito marar taga inda ake ajiye sinadarai. Tururin asid yana cinye rubutun da ke jikin kwalabe, kyankyasai kuma su lashe gam ɗin takardun, ta yadda kafin a dawo daga dogon hutu rabin kwalaben sun zama marasa suna. Wani malamin zama zai yi ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Malam Hanci kuwa kujera yake ja, ya jera su a gabansa, ya buɗe, ya shaƙa, ya rubuta, ya manna. Yana koya wa yara cewa ba a kai hanci bakin kwalba, da tafin hannu ake fifito iskar ta zo a hankali, kuma yana murɗe kunnen duk wanda ya saɓa. Shi kansa bai taɓa fifitawa ba. Shekara talatin da ɗoriya yana cusa hancin nan a bakin abubuwan da ko ƙuda ba ya kusanta.

Da aka turo sabuwar malamar kimiyya, sa'ar 'yarsa, wadda kowa yake kira Ƙaramar Malama, ta same shi a sito yana wannan aiki, sai ta tsaya riƙe da baki.

"Baba, da ka bari na gwada su da takardar gwaji. Ba zai ɗauki lokaci ba."

"'Yata, kafin takardarki ta jiƙe na gama kanta guda," in ji shi, yana manna wata takarda.

Ta ƙyale shi. Ba a yi wa babba gardama a ɗakinsa, balle babban da kowa ya yarda gwani ne.

Ranar da abin ya faru, darasin ma ba wani mai haɗari ba ne. Sababbin shiga kemistiri ne, za a raba gishiri da yashi. A zuba ruwa a dama, gishiri ya narke, yashi ya ƙi, a tace, a ɗora abin da aka tace a ɗan faranti bisa murhun gas, ruwa ya tafi ya bar farin gishiri. Malam ya yi wannan darasin har ba ya iya tuna sau nawa.

Yana raba tataccen ruwa tebur bayan tebur, da ya zo na ƙarshe sai ruwan ya ƙare. Ya shiga sito ya ɗauko wata babbar kwalba da ya rubuta wa suna da hannunsa a farkon zango, ya dire musu. A teburin nan akwai wata yarinya siririya da ake kira Me-ya-sa, don ba a gaya mata abu ta bar shi haka. Malam yana ji da ita ƙwarai, ko da yake yakan ce tambayoyinta sun fi kuɗin makarantarta yawa.

Can sai ta ɗaga hannu. "Malam, namu gishirin ya ƙi narkewa."

"Ki dama da kyau. Wannan damun naki kamar wadda ba ta karya ba."

Ta dama, ta sake damawa. Gishiri yana nan kwance a gindin kofi. Ta sunkuya, ta fifita da tafin hannu yadda ya koya mata, ta yamutsa fuska.

"Malam, me ya sa ruwan namu yake warin asibiti?"

Aji ya ɗauki dariya. Abokiyar teburinta ta ce wallahi ita ma ta ji. Malam ya taho da takunsa na ƙasaita, ya ɗauki kwalbar, ya kai ta har bakin hanci, ya ja numfashi mai tsawo a gaban kowa. Bai ji komai ba. Ya sake ja. Babu komai, fes.

"Ruwa ne," ya ce. "Ni za ki koya wa wari? Ku tace ku ɗora, lokaci na tafiya."

Ba ruwa ba ne. Sifirit ne zalla, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, kuma duk mai hanci a teburin nan ya ji shi. Gishirin da ya ƙi narkewa kaɗai ya isa ya tsayar da malamin da ya fara aiki jiya. Amma mutumin da hancinsa bai taɓa ba shi kunya ba, ina zai tsaya sauraron gishiri?

Suka tace, suka ɗora, suka kunna. Wutar sifirit da rana ba ta cika ganuwa ba, shuɗiya ce siririya. Farantin ya kama ba wanda ya lura. Me-ya-sa ta miƙa hannu ta samansa za ta gyara masa zama, sai ta ƙwalla ƙara, hannun rigarta ya kama. Abokiyarta, baiwar Allah, ta yi abin da kowane mai hankali zai yi. Ta duba ta ga kwalba an rubuta tataccen ruwa da rubutun Malam, ta ɗauka ta watsa.

Wuta ta tashi fuu, ta bi tebur da gudu, ta sauka ƙasa. Kwalbar ta kuɓuce ta fashe. Yara suka yi kan ƙofa suna ihu, suna ture kujeru, kowa ya bar murhunsa yadda yake. Malam bai san lokacin da ya tuɓe farar rigarsa ya naɗe hannun yarinyar da ita ba, yana danne wutar da tafukansa, yana salati. Ƙaramar Malama da ke ajin kusa ta ji ihun, ba ta ma shigo ba, ta zaga bayan gini da gudu ta rufe babbar tukunyar gas, duk murahun suka mutu lokaci guda. Sannan ta dawo ta juye bokitin yashi a kan teburin. Kafin a ce kwabo wuta ta mutu. Aka rufe tagogi, Malam ya kulle ƙofa, aka sa shi da yarinyar a motar wani malami sai asibiti.

A hanya abu guda yake maimaitawa a ransa. Ruwa ba ya cin wuta. Wa ya taɓa kwalbar? Wa ya shiga sito? Har ya fara lissafa wa zai tuhuma.

Aka shiga da yarinyar ciki, shi kuma wata nas ta zaunar da shi a benci don ta duba tafukansa da suka yi bororo. Malamin da ya kawo su ya toshe hanci da hankici yana cewa shi warin asibiti ne ba ya so. Malam Hanci ya dube shi, ya dubi dogon barandar, ya buɗe hanci. Iska ce kawai. Nas ta buɗe wata kwalba ta jiƙa auduga za ta goge almakashi.

"'Yar nan, mene ne wannan?"

"Sifirit ne, Baba."

"Miƙo."

Ta miƙa masa tana kallonsa. Ya kai audugar hancinsa har ta jiƙa masa gashin baki. Sanyi ya ji a fata, shi ke nan. Ya mayar mata da audugar. Ba wanda ya shiga sito. Ba wanda ya taɓa kwalba. Shi ne ya shaƙa, shi ne ya rubuta, shi ne ya manna.

Da aka bar shi ya ga yarinyar, ya tarar an naɗe mata hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Likita ya ce za ta warke, yatsun za su yi aiki, amma tabo ya zauna. Uwarta tana gefe tana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, har tana yi masa godiya da ya kashe wutar da hannunsa. Wannan godiyar ta fi zagi yi masa ciwo. Me-ya-sa kuwa ta dube shi da jajayen idanu, ta gaishe shi, ta juyar da kai. Ko tambaya guda ba ta yi masa ba.

Da la'asar ya isa gida, bai ko zauna ba ya wuce kicin da hannuwa a naɗe. Matarsa, wadda yake kira Maman yara tun haihuwar fari, ta biyo shi tana tambayar abin da ya samu hannunsa. Ya ce ta yanka albasa. Idonsa ya kawo ruwa, hanci shiru. Ya ce ta buɗe galan ɗin kananzir. Ya ce ta kawo sabulun wanka, ta kawo tafarnuwa, ta kawo man zafi. Yana shaƙa yana turewa, numfashinsa yana ƙara sauri. Da ya ɗago ya ga ta daina miƙo masa komai, ta jingina da bango, hawaye na bin fuskarta.

"Ka gane ke nan," ta ce a hankali.

"Na gane me?"

"Malam, ya fi shekara."

Ta share fuska da gefen mayafi ta ci gaba. Ranar da shinkafa ta ƙone har maƙwabta suka buga ƙofa, yana zaune a falo yana duba takardun jarrabawa, ko ɗaga kai bai yi ba. Ranar da ya sha shayi da madarar da ta yi tsami, ya ce ya yi daɗi. Turaren da yake cewa ta yi ƙamshinsa kowace safiya ya ƙare tuntuni, kwalbar ma ta zubar. Duk sanda ya dafa ruwa ya fita, sai ta bi bayansa ta duba gas. Yaran ma sun sani, ita ta hana su magana.

"Kowa ya sani a gidan nan sai ni?" Muryarsa ta tashi. "Kuka zuba min ido kamar mahaukaci?"

"In na ce maka hancinka ya mutu, me na bar maka? Da shi kake taƙama tun kafin ka aure ni. Na ce ai ba abin da zai rage ka da shi, abinci ne kawai ba za ka ji daɗinsa ba."

"Da shi nake sa wa kwalabe suna, Maman yara."

Ba ta gane ba. Ya gaya mata yadda yake jera su, ya shaƙa, ya rubuta. Ya gaya mata abin da ya faru da safe. Tana saurare idanunta suna ƙara girma, har ta zame ta zauna a ƙasan kicin, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Na zaci wasa ne kake yi wa yara. Na zaci akwai na'ura. Wayyo Allah, na rufe bakina, 'yar mutane ta ƙone!"

Suka daɗe haka, shi a tsaye ita a ƙasa, albasa na bushewa a kan faranti. Daga baya ta ce lallai gobe ya je ya gaya wa shugaban makaranta gaskiya. Ya ce in ya faɗa za a karɓe makullin. Ta ce a karɓe. Ya ce zai kiyaye, zai sake gwada kowace kwalba da takardar gwaji, ba zai ƙara dogara da hanci ba, ai ilimin a kansa yake ba a hanci ba.

"Malam," ta ce, "'ya'yan mutane ne."

Ya juya ya fita daga kicin ɗin.

Shugaban makaranta mutum ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya, in dai za a zaɓi ɗaya. Washegari, tun kafin Malam ya zauna a ofishinsa ya riga ya gama shari'ar. Yara ne da rawar kai, in ji shi, an ce su zuba ruwa sun je sun ɗauko sifirit. Kwalbar ta fashe, takardarta ta ƙone, iyayen yarinya ba su ɗaga murya ba, to a bar kaza cikin gashinta. Har ya ce zai yaba wa Malam a gaban taron malamai saboda jarumtar da ya yi. Malam ya buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro. Sai hannunsa ya taɓa makullin da ke ƙugunsa, ya haɗiye ta. Ya ce ya gode, ya fita. Bai kyauta ba, kuma ya san bai kyauta ba, don a hanyar fita ya hangi abokiyar Me-ya-sa, wadda yanzu ake nunawa da baki ana cewa ita ta watsa wa 'yar'uwarta sifirit, sai ya sauya hanya.

Bayan 'yan kwanaki aka ce a ci gaba da darasin gwaji. Safiyar ranar ruwan sama ake yi kamar da bakin ƙwarya. Malam ya zo da wuri da niyya mai kyau, zai share ɗakin, ya duba kowane murhu da kansa kafin yaro ko ɗaya ya shigo. Ya zaga bayan gini ya buɗe babbar tukunyar gas yadda ya saba yi kowace safiya. Ya shiga, ya turo ƙofa saboda feshin ruwa. Tagogi suna nan a rufe tun ranar gobara.

Abin da bai tuna ba, yaran da suka gudu ran nan ba wanda ya tsaya rufe famfon teburinsa. Wutar ta mutu ne don an rufe daga waje. Yanzu da ya buɗe, kowane famfo a ɗakin yana fitar da gas, ƙarar ruwa a kan kwano kuma ta danne ɗan sautin da da kunne zai kama.

Ya share yashi. Ya kwashe fasassun gilasai. Ya shiga sito ya tsaya yana kallon kantoci cike da rubutunsa, kyakkyawan rubutu mai tsafta, ba ko ɗaya da zai iya rantsuwa a kai. Kansa ya fara sarawa, ya ce rashin barci ne. A baranda ya fara jin hayaniyar yara, sun taru suna fakewa ruwa suna jiran ya buɗe musu, aji guda cur a jikin ƙofa da tagogi. Ya ce bari ya gwada murhun farko. Ya ɗauko ashana.

Bandejin hannunsa ne ya hana shi sauri. Ya tura akwatin ya buɗe da ƙyar, tsinke ya zame ya faɗi. Ya ɗauko wani, ya danne shi tsakanin yatsu biyu, ya juya gefen akwatin.

Ƙofa ta buɗe. Ƙaramar Malama ce, da lema a hannu, ta zo tambayarsa ko yana son taimako. Taku ɗaya ta yi ta tsaya, ta kai hannu hanci, idanunta suka fito. Ta dubi famfuna, ta dubi hannunsa. Ta yar da lemar ta yi tsalle ta cafke hannun da ke riƙe da tsinken, ta matse shi da ƙarfin da ya sa bororon ya fashe.

"Kar ka ƙyasta! Baba, kar ka ƙyasta!"

Ta fizge ashanar ta jefa waje cikin ruwa, ta ja shi har baranda kamar ƙaramin yaro, tana yi wa ɗalibai tsawa su matsa can filin ƙwallo. Ba su ma jira tsawar ba. Tun da ƙofar ta buɗe na gaba suka toshe hanci suna tari suna ja da baya, wani yana cewa gas ne, gas ne. Ta zaga ta rufe tukunyar, ta dawo ta riƙe numfashi ta shiga, tana rufe famfuna tana banke tagogi, ta fito ta sha iska, ta sake komawa.

Malam Hanci yana tsaye a jikin ginshiƙi. Yana kallon yaran a tsakiyar fili, ruwa na dukansu, kowa hannu a hanci. Ya duba tazarar da ke tsakanin inda suka tsaya ɗazu da teburin da ya tsaya da ashana, sai ya zauna a kan dakali. Ya ja numfashi. Shi a wurinsa safiya ce mai daɗin iska.

Ƙaramar Malama ta fito a jiƙe, tana haki. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ɗakin ya cika fal. Tun daga ƙofa yake hawa kai. Ya aka yi ba ka ji ba?"

"Ba na ji, 'yata."

"Mura kake?"

"Ba na jin komai. Ya fi shekara, in ji Maman yara. Kwalbar ran nan ma ni na rubuta mata ruwa. Yarinyar nan ba ta ɗauko komai ba, abin da na ba su ta watsa."

Ta rufe baki da hannu biyu. Ya ga tana tuna siton, tana tuna kantocin, tana tuna ajin da ita ma ta yi ta koyarwa da kwalaben nan. Ya sa yatsunsa masu ciwo yana ƙoƙarin kwance makullin daga ƙugunsa, ya kasa, sai ita ta kwance. Da za ta miƙa masa ya girgiza kai.

"Riƙe. Duk takardar da kika ga rubutuna a kai ki ɓamɓare ta, ko ta gishiri ce. In ruwa ya tsagaita ki raka ni ofis, don in na tafi ni kaɗai zan iya sake yin shiru."

Ta ce to. Ruwa ya fara sauƙi. Yaran suna matsowa kaɗan-kaɗan suna leƙe. Farar rigarsa ta aiki da tabaransa suna can ciki a kan tebur. Ya miƙe da ƙyar ya taka zuwa bakin ƙofa, ya tsaya ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofar, ya ɗaga kai ya buɗe hanci. Sai ya sauke kan, ya juyo ya dube ta.

"'Yata, gas ɗin ya fita?"

Ta zo ta tsaya kusa da shi, ta leƙa, ta shaƙa.

"Da saura, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya janye ƙafarsa, ya koma kan dakali ya zauna.